Me ya sa bayit 12 ke neman mazaunin 16 a na'urar zane?

Duk hoton da ke motsi a wasan bidiyo, a waya ko a kwamfuta, wasu ƙananan manhajoji ne ke lissafa launinsa ɗigo-ɗigo. Masana na kiransu shader, kuma suna aiki ne a kan GPU, wato ɓangaren na'ura mai kula da zane. Kafin su fara aiki, sai wata manhajar da ake kira kompaila ta juya rubutunsu zuwa umarnin da na'ura ke ganewa. Cikin ayyukanta akwai wanda ba a cika lura da shi ba: yanka wa kowane bayani mazauninsa a ma'adanar na'ura.

Ga kowane nau'in bayani, kompaila tana riƙe da lambobi biyu: girmansa, da kuma inda aka yarda ya fara. A harshen GLSL, lamba guda mai suna float tana cin bayit 4, kuma tana farawa a duk adireshin da ke rabuwa da 4. Rigimar tana wajen vec3, jerin lambobi uku da ake ajiye launi ko matsayi da shi. Girmansa bayit 12 ne, amma dokar std140, wadda ta shigo OpenGL 3.1 a 2009, ta ce sai ya fara a adireshin da ke rabuwa da 16.

A ce mai rubuta manhaja ya sa float, ya bi shi da vec3. Kompaila za ta ajiye na farko a adireshi 0, ta tsallake bayit 12, ta ajiye na biyu a 16. In babbar manhajar da ke aiko bayanan ta jera su manne da juna, launin zai fara a 4, GPU kuwa ta je nemansa a 16. Galibi babu saƙon kuskure da zai fito. Hoton ne kawai zai baƙe ko ya rikice, a yi ta neman laifi inda babu shi. Da an gabatar da vec3, float zai shige gurbin da ya rage, duka su tsaya a bayit 16 cif.

Ɓarnar wuri ta fi yawa a dogon jeri: a std140, float 100 na cin bayit 1600 maimakon 400. Ƙungiyar Khronos ta rage wannan da dokar std430 a OpenGL 4.3, a 2012, amma ta bar vec3 da 16 ɗinsa.