3.4 Matsalar Wutar Kwamfuta a Kan Ekstenshan Mai Makunni

Sau da yawa mai kwamfuta kan danna makunnin ekstenshan ya ga ba ta tashi ba, sai ya yanke hukuncin cewa fawa saflai, wato akwatin da ke rarraba wuta a cikinta, ya ƙone. Ba kullum ne haka abin yake ba. Tun daga shekarar 1995 da kamfanin Intel ya fito da tsarin ATX, isowar wuta kaɗai ba ta tayar da kwamfuta. Akwatin kan saki bolt 5 ne kurum, ya jira a danna maɓallin gaba, sai fa in an sauya wannan umarni a BIOS.

Idan an danna maɓallin kuma shiru, sai a zare filogi daga ekstenshan a soka shi a soket ɗin bango. In ta tashi, laifin na ekstenshan ne. Dalili kuwa shi ne, a daidai lokacin kunnawa akwatin kan zuƙi wuta mai yawa, wadda a hankali take cinye ƙarafan makunni mai arha. Haka kuma, barin ekstenshan a kashe na tsawon lokaci yakan ƙarar da ƙaramin batirin CR2032, har agogon kwamfutar ya riƙa ɓata kwanan wata.