Sharhi a Shagunan Kayan Manya na Intanet: Wa Ya San Kai Ne Ka Rubuta?

A watan Fabrairun 2004 an samu wata tangarɗa a shafin Amazon na ƙasar Kanada. Na tsawon 'yan kwanaki, sunayen gaskiya na dubban mutanen da suka rubuta sharhi kan littattafai ba tare da sa suna ba suka fito fili, kowa na gani. Jaridar New York Times ta ɗauki labarin, kuma abin da ya fi jan hankali shi ne an gano wasu marubuta su ne da kansu suke yabon littattafansu, suna ba su tauraro biyar a matsayin "wani mai karatu".

Abu biyu suka tonu a lokaci guda. Na farko, wanda ya ɗauka a ɓoye yake, ashe shagon na riƙe da sunansa tun ranar farko. Na biyu, mai saye da ya yarda da sharhin, ashe talla yake karantawa. To, wannan fa littafi ne. Yanzu ka ɗauka kayan da aka yi sharhin a kansu na sirrin shimfiɗa ne: kwaroron roba, man saduwa, kayan barci, magungunan ƙarin kuzari, ko na'urorin da ake sayarwa a shagunan da Turawa ke kira na "manya". A nan, fitar suna na iya taɓa aure, aiki da mutunci.

Me ya sa sharhi ke da nauyi a wannan kasuwa

Masana tattalin arziki sun kasa kaya gida-gida. Akwai wanda za ka gane ingancinsa tun kafin ka biya, kamar atamfar da ka taɓa da hannunka. Akwai wanda sai ka yi amfani da shi, kamar abincin gidan sayar da abinci. Akwai kuma wanda ko ka yi amfani da shi ba lallai ka gane ba, kamar maganin da ba ka san abin da aka zuba a ciki ba. Kayan manya yawancinsu suna gida na biyu da na uku. Ba a gwada su a shago, galibi ba a karɓar su idan an buɗe, kuma mutum ba zai tari maƙwabcinsa ya ce "ya ka ji wannan?" ba. Cinikin biri a sama kenan, sai dai sharhin wasu ya zama idonka.

A 1970 George Akerlof ya yi bayanin abin da ke faruwa da kasuwar da mai sayarwa ya san ingancin kaya amma mai saye bai sani ba. Da tsofaffin motoci ya ba da misali: tunda mai saye ba zai iya bambance mai kyau da ruɓaɓɓiya ba, sai ya ƙi biyan kuɗi mai yawa, masu motoci masu kyau su janye, a bar kasuwa da tarkace. Sharhi na gaskiya yana cikin abubuwan da ke hana wannan rushewa. Matsalar ita ce, sharhin da ya fi amfani shi ne mai cikakken bayani: shekarun mai shi, yanayin jikinsa, larurar da ta sa ya saya. Kuma wannan bayanin ne dai ke tona shi.

Sunan bogi ba ya ɓoye mutum

Mutanen duniya sun haura biliyan 8. Idan kana raba su gida biyu kana watsar da rabi, sau 33 kawai za ka yi ka isa kan mutum ɗaya. Wato tambayoyi 33 masu amsar "e" ko "a'a", in an zaɓe su da kyau, sun isa a ware kowa a doron ƙasa. Wasu bayanan kuma kowannensu ya kai tambayoyi da yawa a dunƙule.

Bari mu yi lissafi na misali. Wata ta rubuta sharhi da sunan bogi, ta ambaci garinsu mai mutum miliyan 1. Mace ce, saura kamar 500,000. Ta ce ta haihu wata uku da suka wuce, sai adadin ya faɗo zuwa 'yan dubbai. Ta ce tiyata aka yi mata, ya sake raguwa. Ta ƙara da cewa aikin dare take yi a asibiti. Ka ga ai an zo kan mutanen da ba su cika aji ɗaya ba, kuma wanda ya san ta, da ya karanta zai ce "ai wance ce". Babu jimla ɗaya a ciki da ta faɗi suna.

An gwada wannan a aikace. Latanya Sweeney ta yi amfani da ƙidayar Amurka ta 1990 ta nuna cewa kusan kashi 87 cikin 100 na Amurkawa ana iya ware su da abu uku kacal: lambar akwatin gidan waya ta unguwarsu, ranar haihuwa, da jinsi. A 1997 ta gano bayanan asibiti na gwamnan jihar Massachusetts, William Weld, cikin kundin da aka ce an goge sunaye, ta hanyar haɗa shi da rajistar masu zaɓe.

Wanda ya fi kusa da batunmu shi ne na Netflix. A 2006 kamfanin ya saki makin da masu kallo kusan 480,000 suka ba finafinai, maki sama da miliyan 100, bayan ya cire sunaye, don gasar dala miliyan 1 ta inganta manhajarsa. Arvind Narayanan da Vitaly Shmatikov na Jami'ar Texas suka nuna cewa idan ka san makin da mutum ya ba finafinai 8, ko da 2 a ciki ka yi kuskure, tare da ranakun da ba su kauce da fiye da mako biyu ba, za ka iya ware kashi 99 cikin 100 na mutanen da ke kundin. Sun gwada da sharhin da mutane suka rubuta a fili a shafin IMDb, suka gano wasu. A 2010 Netflix ya soke zagaye na biyu na gasar bayan an kai shi kotu. Darasin: sharhin da ka rubuta da sunanka a wani wuri na iya zama mabuɗin wanda ka rubuta a ɓoye a wani wurin.

Alƙalaminka da kyamararka

Kowa na da salon rubutu, yadda kowa ke da salon tafiya. Ƙananan kalmomin da ka saba maimaitawa, tsawon jimlolinka, inda kake sa waƙafi, kuskuren da kake yi kullum, duk kwamfuta na iya ƙirga su. A 2013, da aka tsegunta wa jaridar Sunday Times cewa J.K. Rowling ce ta rubuta wani littafi da sunan Robert Galbraith, Patrick Juola ya auna salon da manhaja, sakamakon ya karkata gare ta, daga baya ta amsa. Sharhi mai layi biyu ya yi kaɗan a yi masa wannan awo da tabbaci, amma mai rubuta dogayen sharhi ɗari a shekara ya tara wa mai bincike isasshen abin aiki.

Hoto ma haka. Waya na iya liƙa wa hoto ɓoyayyun bayanai: samfurin wayar, lokaci, har da daidai wurin da aka ɗauka in an kunna taswira. A Disamban 2012 haka aka gane John McAfee, mai manhajar kare kwamfuta da ke gudun 'yan sandan Belize, yana Guatemala, daga hoton da mujallar Vice ta wallafa. Manyan shafuka kan goge waɗannan bayanai daga hoton da jama'a ke gani, amma ƙaramin shago ba lallai ya yi ba. Ko an goge, zanin gado, tayil ɗin ɗaki, zobe ko tabon hannu suna nan.

Abin da shagon ya riga ya sani

Duk wannan kan baƙon da ke karantawa ne. Shi kuwa shagon ba ya buƙatar bincike, domin yana da sunanka, imel, lambar waya, adireshin da aka kai kaya da bayanin biyan kuɗi, duk a jere da sunan bogin naka. Sannan shafuka da yawa na ɗauke da 'yan manhajojin kamfanonin talla masu lura da shafin da ka buɗe. Goge tarihin burauza bai cika magance wannan ba: a 2010 Peter Eckersley na ƙungiyar EFF ya duba burauza kusan 470,000, ya tarar sama da kashi 83 cikin 100 kowacce na da siffar da ba ta da irinta, saboda haɗuwar abubuwa kamar girman allo da nau'in haruffan da ke kan na'urar.

Wani lokaci kayan da kansu ne ke kai rahoto. A 2016, a taron masana tsaron kwamfuta na DEF CON, wasu masu bincike biyu suka nuna cewa manhajar wata na'urar ma'aurata mai suna We-Vibe na aika wa kamfanin da ya ƙera ta, Standard Innovation na Kanada, bayanai irin su zafin na'urar da ƙarfin da aka sa ta. An shigar da ƙara a Amurka, a 2017 kamfanin ya amince ya biya kusan dala miliyan 3.75. Shi kuma shafin Ashley Madison, wanda na neman abokan hulɗa ne, ya riƙa karɓar dala 19 da alƙawarin goge bayanan mutum gaba ɗaya. Da aka yi masa kutse a 2015, bayanan asusu sama da miliyan 30 suka bazu, har da na wasu da suka biya kuɗin gogewar, kuma masu neman kuɗin toshiyar baki suka bi mutane da barazana. Bayanin da aka ajiye, ko ba jima ko ba daɗe yana iya fita.

Ɗaya ɓangaren: za a yarda da mai sharhin?

Shagunan kayan manya da dama na aika wa wasu mutane kaya kyauta su gwada su rubuta, wasu masu sharhin kuma na samun kamasho kan duk wanda ya saya ta hanyarsu. Wannan ba laifi ba ne in an faɗa. Amma wanda ya san kushe zai iya yanke masa kyautar gobe, hannunsa zai yi nauyi wajen ba da tauraro biyu. Amazon ya hana irin wannan sharhi na musayar kyauta a 2016, sai ta ƙarƙashin shirinsa na Vine. Shago kuma na iya tace abin da ke fitowa: a 2022 kamfanin tufafi na Fashion Nova ya amince ya biya dala miliyan 4.2 kan zargin hukumar kare masu saye ta Amurka, FTC, cewa ya ɓoye sharhin da bai kai tauraro huɗu ba.

Kunya ma na karkatar da ma'auni. Wanda kaya suka ba shi ƙaiƙayi ko rauni a wuri na sirri zai fi son ya yi shiru, don haka koken da ya fi muhimmanci shi ne ya fi ƙarancin fitowa. Shi kuma alamar "an tabbatar ya saya", wadda ke sa mu yarda, ma'anarta ita ce shagon ya ɗaure sharhin da rasit mai sunanka. Gaba kura baya sayaki: ƙarin tabbaci na rage sirri, ƙarin sirri na buɗe wa maƙaryata ƙofa.

Akwai mafita a kimiyyance, kuma ta yi kama da zaɓe: ana tantance ka a rumfa, amma ƙuri'ar da ka jefa ba ta ɗauke da sunanka. Tun farkon shekarun 1980 David Chaum ya ƙirƙiro hanyar sa hannu ta lissafi inda mai sa hannun ba ya ganin abin da ya sa wa hannu. Da ita shago zai iya ba mai saye tikitin sharhi guda ɗaya ba tare da ya san wane tikiti ne na wa ba. Fasahar na nan, shaguna ne ba su cika ɗaukarta ba, tunda sanin abokin ciniki kuɗi ne a wurinsu.

Doka, da kasuwarmu ta gida

Dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai, wadda ta fara aiki a 2018, ta sa rayuwar jima'i cikin bayanai na musamman masu buƙatar ƙarin kariya. Dokar Najeriya ta 2023 ita ma ta lissafa ta tare da bayanan lafiya da na addini, kuma akwai hukumar NDPC da ake kai wa ƙorafi. A Amurka, ƙa'idar FTC da ta haramta sharhin ƙarya da sayen sharhi ta fara aiki a Oktoban 2024.

A nan gida, irin wannan ciniki ya fi gudana a Instagram da WhatsApp, wajen masu kayan mata da maganin maza, kuma sharhin shi ne hoton hirar da kwastoma ta turo tana godiya. Duk matsalolin biyu suna nan. Ana iya rufe suna a manta da hoton fuska, ko a saka saƙon murya wanda dangi za su gane nan take. Kuma hoton hira abu ne da mai waya biyu zai haɗa cikin minti biyar. Hatsarin ya wuce asarar kuɗi: hukumar magunguna ta Amurka ta sha gano sinadarin sildenafil a ɓoye cikin kayan ƙarin kuzari da aka ce na ganye ne zalla, kuma in ya haɗu da wasu magungunan ciwon zuciya yana iya faɗar da hawan jini ƙasa matuƙa. Shaida dubu ba ta kai duba lambar NAFDAC da tambayar likita ba.

In za ka rubuta sharhi, yi magana kan kayan, ka rage magana kan kanka. Kada sunan bogin ya zama wanda kake amfani da shi a wani shafi, ka ware masa imel na daban, ka bar hoto in ba dole ba, kuma ka duba ko shagon na bari a goge sharhi kafin ka tura. In saƙon godiya za ki tura wa mai kaya, faɗa mata a fili ko kin yarda a yaɗa. In kuma karatu kake yi, fara da masu tauraro biyu da uku, ka duba ranakun ko yabon duk a mako ɗaya ya taru, sannan ka tambayi kanka ko shagon da ba shi da kushe ko ɗaya ya bar kowa ya yi magana.