Ɗan Bajon Da Ke Lissafa Gubar Da Ido Ba Ya Gani

A shekarar 2004 ne aka kunna ƙaramar tukunyar nukiliya ta Cibiyar Binciken Makamashi da ke Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, wadda aka sawo daga ƙasar Sin domin binciken ma'adinai da ƙasar noma da abinci. Abin da wannan tukunya take fitarwa, wanda kuma da shi ake yin binciken, shi ne niyutron, watau wani ɗan ƙanƙanen ɓangare na ƙwayar zarra da Bature James Chadwick ya gano a Ingila a 1932. Tun kafin tukunyar Zariya ma, masu haƙar man fetur a kudancin Nijeriya suna zura wasu na'urori masu fitar da niyutron cikin rijiyoyi don su gane inda mai ko ruwa yake kwance. Duk waɗannan ma'aikata suna wuni ne kusa da abin da ba ya wari, ba ya ƙara, fata kuma ba ta jin shigarsa.

To, wahalar niyutron ita ce bai bi halin sauran tururin nukiliya ba. Dalmar da ake kare ma'aikatan ɗaukar hoton ƙashi da ita a asibiti ba ta tare shi yadda ya kamata. Ruwa da kaki da kankare mai kauri su ne ke karya ƙarfinsa. Jikin mutum kuwa galibinsa ruwa ne, saboda haka a nan yake sauke kayansa, kuma ɓarnarsa ga tsoka tana iya ninka ta hasken hoton ƙashi har sau 20, gwargwadon saurin da ya zo da shi.

Dalili ke nan da ake rataya wa ma'aikaci wani ɗan bajo a ƙirji, mai suna da lambarsa. Bajon nan fa ba laya ba ne, ba ya tare komai. Aikinsa shaida kawai: ya riƙe lissafin abin da ya shiga jikin mai shi, a karɓa bayan wata ɗaya ko uku a karanta.

Wani irin bajo yana ɗauke da ƙwayoyin sinadarin litiyam iri biyu, ɗaya na jin niyutron da hasken gama, ɗaya kuwa gama kaɗai yake ji. In aka gasa su a ɗakin gwaji sai su ba da haske, bambancin hasken biyun shi ne rabon niyutron. Abin mamaki a nan shi ne ba niyutron da ya taho kai tsaye bajon ya fi kamawa ba, sai wanda ya shiga jiki, ya gaji, ya komo waje. Watau jikin ma'aikacin shi kansa rabin ma'aunin ne. Wanda ya bar bajonsa yana reto nesa da ƙirji, ko ya manta da shi a aljihun tebur, lalle ya sa an rubuta masa lissafin ƙarya, kuma shi zai cutu. Wani irin kuma ɗan falle ne na roba, irin wadda ake yin gilashin tabarau da ita. Niyutron yakan bar mata tabon da ido ba ya gani, sai an jiƙa ta cikin ruwan soda mai zafi tabban su buɗe, sa'an nan a ƙirga su da madubin ƙara girma.

Bisa ga ƙa'idar Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya, kada abin da ma'aikaci zai sha ya wuce milisibat 20 a shekara in an raba a kan shekaru 5, kada kuma ya haura 50 a shekara guda, alhali sauran jama'a 1 aka yanka musu. Ana ajiye takardun lissafin har mutum ya kai shekara 75, kuma ba ƙasa da shekara 30 bayan ya bar aikin ba, domin ciwon daji yakan jima kafin ya bayyana. A Nijeriya, Hukumar Kula da Harkokin Nukiliya, wadda dokar 1995 ta kafa, ta kuma fara aiki a 2001, ita ke da alhakin sa ido a kan wannan.

Idan kuwa babban haɗari ya auku, likitoci sukan koma ga jikin mutum su nemi lissafin. Haka aka yi a garin Tokaimura na ƙasar Japan a watan Satumba na 1999, sa'ad da ma'aikata uku suka zuba yuraniyam fiye da ƙima cikin wani tanki, niyutron ya ɓarke musu. Da yake niyutron yana sauya sinadarin gishirin da ke cikin jini, sai aka auna jininsu, aka ƙiyasta cewa wanda ya fi kusa ya sha kimanin milisibat 17,000. Ya rasu bayan kwana 83 a asibiti, na biyun ya bi shi a watan Afrilu na 2000, na ukun ne ya tsira.