Gafakar kakana ce ta kai ni rumfar baduku

Akwai wani Alƙur'ani rubutun hannu a gidanmu da ke Aboabo, nan Kumasi. Na kakana ne, falle-falle ba ɗinki, yana cikin tadarishi, shi kuma tadarishin yana cikin wata jar gafaka. Bara da damina na ɗauko shi zan nuna wa yara, sai maratayin ya tsinke a hannuna, gindin gafakar kuma ya wage. Da ƙyar na tare takardun kafin su zube ƙasa.

Kwana biyu ina zaga Kejetia ina neman wanda zai ɗinka mini sabuwa. Masu takalma ga su nan birjik da kekunansu da gam ɗinsu, amma da na ce gafaka sai a tsaya ana kallona. Wani yaro har ya ba ni shawarar in sayi jakar kwamfuta in huta. A ƙarshe gwaggona ce ta kwatanta mini wani tsohon baduku a Asawase, wanda yanzu kube da laya kawai yake taɓawa saboda ido ya yi rauni.

Ya juya gafakar, ya shinshina ta, ya ce: "Ɗana, wannan aikin ya fi ƙarfin idona. Amma kai naka biyu garau suke. Zauna."

Na ce, "Baba, ni fa malamin makaranta ne, alli kawai na sani."

Ya ce to mai riƙe alli ai zai riƙe basilla. Tun daga ranar, duk Asabar ina rumfarsa.

Dukanci ba baƙo ba ne a zangunanmu. Fataken da suka riƙa zuwa Salaga neman goro ba hannu sake suke zuwa ba, jakunansu na ɗauke da kanwa da tufafi da kayan fata. Yaƙin basasar Salaga na 1892 ne ya watsa da yawansu zuwa Kete Krachi da wasu garuruwa, kowa da sana'arsa a hannu. Ita kuwa fatar jar akuyar Sakkwato, ta hamada ake bi da ita zuwa arewacin Afirka, shi ya sa Turawa suka san ta da sunan fatar Maroko. Har gobe majemar Tamale na aiki, kuma duk wanda ya shiga kasuwar Bolga ya ga jakunkuna da takalma da hulunan kaba masu adon fata. Mu nan kudu ne abin ke sulalewa. Fatar saniya ma kafin majemi ya gan ta an babbake ta an yi wele, tana kan wake da shinkafa. Ni ma ina ci, ba zan ɓoye ba.

Abu na farko da Baba ya koya mini shi ne gane fata. Wadda aka jeme da bagaruwa daban, wadda aka jeme da sinadarin kamfani daban. Ka yanki ɗan gefe ka duba: ta kamfani cikinta kan yi toka-toka mai ratsin shuɗi, ta bagaruwa kuwa ruwan ƙasa ce har ciki. Ɗiga mata ruwa, za ta shanye ta yi duhu. Ita ce ke karɓar zane idan ka jiƙa ta ka danna ƙarfe, ita ce ke shan rinin gargajiya. Idan kuma kana sayen tsofaffin jakunkunan gwanjo don ka farke ka koyi ɗinki da su, wanda dabara ce mai kyau ga mai ƙaramin ƙarfi, to ka duba shafin ciki. In ka ga ƙofofin gashi uku-uku a tare, kamar duwatsun murhu, fatar alade ce. Ana yawan yi wa jaka da takalmi shafi da ita. A ƙasar da ba mu ne masu rinjaye ba, mai sayarwa ba lallai ya ga dalilin gaya maka ba.

Kayan aiki ba su da yawa: wuƙa mai kaifi, basilla, allura biyu, zaren nailan, kakin zuma, da katakon da za ka yi yanka a kai. Na so in sayo tarkacen da nake gani a YouTube, Baba ya ce in bari sai na lalata fata uku tukuna. Kada ka sa wuƙa a fata sai ka fara yanka siffar abin a kwali ka naɗe ka ga ya zauna. Kuma fata ba ɗaya take ba ko'ina: gadon baya ya fi ƙarfi, wajen ciki saki gare shi, yana miƙewa. Marataya daga baya ake fitar da ita, a bi tsawon dabbar. Ta kakana ma da muka duba, a inda aka taɓa yi mata ƙari da fatar ciki ta tsinke.

Ɗinkin kansa ba wuya, haƙuri yake ci. Ka ja layi, ka huda da basilla, tazarar kamar milimita 4 tsakanin huda da huda. Zare ya kai ninki huɗu na tsawon wurin da za ka ɗinke, ka goge shi da kaki, allura ɗaya a kowane bakinsa. Kowace huda allurai biyun za su ratsa ta, ɗaya daga nan ɗaya daga can. Amfaninsa, ko zare ya tsinke a wuri guda sauran ba ya warwarewa, saɓanin ɗinkin keke.

Wajen rini na fi jin daɗi. Ja daga karan dafi yake fitowa, a daka a jiƙa da ruwan kanwa. Baƙi kuwa kuloko ne, kuma a gaskiya ba rini ba ne: ƙarfe ne ke haɗuwa da bagaruwar da ke jikin fatar sai wurin ya yi baƙi ƙirin, shi ya sa ba ya kama fatar kamfani. Baba da kashin maƙera yake haɗa nasa. Ni a gida tsofaffin ƙusoshi nake jiƙawa a ruwan khal mako biyu, in tace. In ka shafa, ka ɗauraye wurin, don tsamin na cin fata a hankali.

Yanzu ga inda na yi ɓarna. Da na gama gafakata ta farko, murna ta sa na dulmiya ta da man gyaɗa ciki da waje don ta yi sheƙi, na sa Alƙur'anin, na ƙulle a leda wai kada ƙura ta taɓa. Wanda ya san Kumasi ya san damina biyu muke yi, iska kullum a jiƙe. Bayan mako uku na buɗe, fumfuna ta yi fari fat a kan fatar, man kuma ya ratsa ta gefen tadarishin ya taɓa fallayen farko guda biyu. Tabon yana nan, ba ya fita. Rubutun da ya tsira a hannun mutum uku, ni na fara yi masa lahani.

Baba bai yi faɗa ba. Ya ce mai a fata kamar gishiri ne a miya, kuma a waje kawai, da tsumma, a bar shi ya kwana kafin a goge. Cikin gafaka ba ya son mai ko kaɗan, sai dai a yi masa shafi da farin ƙyalle. Fata kuma ba a kulle ta a leda, a rataye ta inda iska ke wucewa. Da hunturu, in ta fara bushewa, ɗan man kaɗe a yatsa ya isa.

Ga masu layya kuma, tunda malamanmu sun ce fatar ba ta sayarwa ba ce, ko ka yi amfani da ita ko ka bayar: a feɗe a hankali kada wuƙa ta huda ta, a kankare kitsen, a zuba gishiri sosai a ranar, a shanya a inuwa. Fatar da ta kwana a dunƙule cikin zafi ta tafi. Unguwa guda in ta tara nata, motar Tamale kullum tana tashi.

Gafaka ta biyu wata biyu ta ɗauke ni. Ɗinkin gefen hagu ya ɗan karkace, Baba ya shafa da yatsa ya ji, ya ce in bar shi haka. Alƙur'anin na ciki yanzu, a rataye a ɗakin mahaifiyata. Asabar mai zuwa zan fara alabe, kuma ɗiyata ta biyu ta ce za ta bi ni, ita ce mai sa mana zare a allura.