2.3 Ƙirar Jiki da Ɗabi'un Ƙaguwa Mai Aron Gida

A wannan fasali za a yi bayanin ƙaguwa mai aron gida, ta hanyar kwatanta ta da ƙaguwar da manoma da masunta suka sani a fadamun ƙasar Sakkwato, irin na Sifawa da ke Ƙaramar Hukumar Boɗinga da kuma na Shagari. Duka biyun suna da ƙafafu goma, kuma suna yin saɓa yayin da suke girma, amma kowace da hanyar da take bi ta kare jikinta.

Ƙaguwar fadama tana cikin dangin Potamonautidae, wanda Neil Cumberlidge ya yi nazarinsa a littafin da ya wallafa a shekarar 1999 kan ƙaguwar ruwan daɗi ta Afirka ta Yamma. Jikinta duka a rufe yake da ƙwanso mai tauri, cikinta kuwa a naɗe yake a ƙarƙashin ƙirji. A nan ne uwa take riƙe ƙwanta har su ƙyanƙyashe da cikakkiyar kamar ƙaguwa. Idan rani ya yi, wasu nau'o'inta sukan haƙa rami har su tarar da danshi.

Ita kuwa ƙaguwa mai aron gida, wadda masana suka sanya a rukunin Paguroidea, akasarinta a teku take rayuwa, kuma nau'o'inta sun haura 800. Gaban jikinta ne kawai yake da tauri. Cikinta dogo ne, mai taushi, a murɗe. Saboda haka sai ta shige cikin katantanwar da dodon-koɗi ya mutu ya bari. Ƙafafunta biyu na gaba kamar awartaki suke, da su take cin abinci tana toshe bakin katantanwa. Huɗu na tsakiya na tafiya ne, huɗun ƙarshe kuwa ƙanana ne, su ke riƙe gidan daga ciki. Ko nau'o'in da ke zaune a tudu sai sun koma bakin teku sun saki ƙwansu, wannan ya sa ba a samun ta a gulabe da tafkunan ƙasar Hausa.

Da yake katantanwa ba ta girma, dole ƙaguwar ta riƙa sauya gida. Wani lokaci sukan jeru daga babba zuwa ƙarama, kowace ta gaji gidan da ta gabanta ta bari. Wannan neman gida yakan jefa su cikin haɗari: wani bincike na shekarar 2019 ya ƙiyasta cewa fiye da 500,000 suna mutuwa a shekara cikin robobin da teku ya watso a tsibiran Kokos da Handasan.

Daga bayanan da suka gabata za a fahimci cewa rayuwar ƙaguwar fadama ta dogara ne ga danshin ƙasa, ta mai aron gida kuwa ga samuwar katantanwa.