Garejin Bayan Tasha, Inda Ake Sauraron Kukan Giya

A bayan ɗaya daga cikin tashoshin motar Kano akwai wani fili da ba shi da katanga, ba shi da allon suna. Ƙasar wurin ta yi baƙi ƙirin saboda shekarun da ta yi tana shan baƙin mai. Akwai rumfar kwano a gindin darbejiya, da tsohuwar kwantena da ake kulle kayan aiki, da ɗan filin siminti da aka kewaye da bulo inda ake salla. A maƙwabta akwai mai walda, da mai faci, da mai wayarin. Ita wannan rumfa aikinta ɗaya ne: kuloci da giya na motocin da ake sa wa giya da hannu. Direbobi ba su san ta da wani suna ba sai "wajen mai giya".

Maigidan rumfar dattijo ne da ya fara ɗaukar sifana a zamanin da Peugeot 504 take mulkin hanyoyin Arewa, bayan da aka soma haɗa motocin Peugeot a Kaduna a 1975. Yaransa suna ce masa Oga, matasan direbobi suna ce masa Baba. Motocin da ke zuwa masa yanzu sun sauya. Akwai Golf 3, wadda Volkswagen ya fara ƙerawa a 1991, take kuma jigilar mutane zuwa Katsina da Daura da Zariya har yau. Akwai Sharan, da Toyota Hiace, da 'yan J5 da suka rage suna ɗaukar kayan gwari. Masu hali sun koma motocin da ke canza giya da kansu. Giyar hannu ta zama ta masu neman abinci da mota, domin gyaranta ya fi sauƙi, kuma in batir ya mutu da asuba sai a tura ta tashi.

Aiki yana farawa da hantsi. Yara su fito da akwatunan sifana, su share gindin bishiya, ƙaramin cikinsu ya tafi wajen mai shayi. Kafin a gama karin kumallo mota ta farko ta shigo, kuma kusan kullum maganar direba iri ɗaya ce: "Baba, giyar nan ta mutu, sai an sauke ta." Abin da ya fi burge ni da wannan dattijo shi ne ba ya karɓar wannan hukunci daga bakin kowa. Ba ya taɓa sifana sai ya gama tambaya. A wace lamba take yin ƙara? Duka, ko ɗaya? Da safe ne, ko bayan mota ta yi zafi? Ribas fa? Sannan ya shiga mazaunin direba, injin a kashe, ya bi lambobin ɗaya bayan ɗaya. In duk sun shiga lafiya, sai ya tayar da inji, ya taka kuloci har ƙasa, ya ɗan jira, ya nemi ribas. In ta yi gurrr, ya gama gane inda ciwon yake: giya lafiyarta ƙalau, kuloci ne ba ya sakin inji.

Dalilin wannan gwaji yana cikin yadda aka gina abin. A bayan inji akwai wani ƙaton faranti na ƙarfe mai nauyi da ke juyawa tare da shi, shi ne filawil. A jikinsa aka ɗaure murfin kuloci mai ƙarfin sifirin. Tsakaninsu akwai faifai, wanda yake zaune a kan sandar da ke shiga cikin giya. Kamar mutum ne ya matse faifan tuwo tsakanin tafukansa biyu: muddin ya matse, duk inda hannu ya juya faifai ya bi, da ya sassauta, faifai ya tsaya. Taka kuloci shi ne sassautawar. Wani boris ne yake danna sifirin ɗin, murfi ya ja baya, faifai ya huta, sandar giya ta daina juyawa, sai lamba ta shiga shiru. In murfin bai ja baya sosai ba, faifai yana ci gaba da bin inji, haƙora kuma su haɗu ɗaya yana gudu ɗaya yana tsaye. Ribas ce ke fara tona asiri, domin a yawancin tsofaffin motocin nan ba a sa mata zoben da ke daidaita gudu ba.

Abin da ke hana kuloci saki sau da yawa ƙaramin abu ne, kuma a nan kuɗin direba ke tsira ko ya salwanta. A motar da ke amfani da kebur, kebur ɗin ne ya miƙe ko ya fara tsinkewa sili-sili. A motar da ke amfani da mai, irin Hiace, akwai abin da makanikai ke kira kulocin sama da kulocin ƙasa, famfo biyu da ƙaramin bututu ya haɗa, man birki ne a cikinsu. Roba ta cinye, mai ya yoye, iska ta shiga, sai feda ta yi laushi ta kasa tura boris yadda ya kamata. Daga nan za ka ji kiran da kowa a garejin ya haddace. Yaro ɗaya a mazaunin direba, ɗaya a ƙarƙashin mota da ƙaramar sifana: "Buga! Buga! Riƙe!" A kwance noti, kumfa ta fito, a ɗaure, a sake. Wani lokaci ma ba ko ɗaya daga cikin waɗannan ba ne, kafet ne mai kauri ya naɗe a ƙarƙashin feda ya hana ta kaiwa ƙasa. Makanikin da ba ya tsoron Allah yana iya sauke giya a kan irin wannan, ya karɓi kuɗin aikin yini biyu, direba kuma ya tafi yana godiya.

Oga yana yawan faɗa a kan abin da direbobi ke zubawa a kofin kuloci in mai ya ƙare musu a hanya. Wasu ruwan sabulu, wasu baƙin mai. Ruwa yana cin famfon da tsatsa daga ciki, baƙin mai kuwa kumbura robobin yake yi har su lalace gaba ɗaya. Shi kansa man birkin yana tsotsar danshi daga iska, shi ya sa kamfanoni da yawa ke cewa a canza shi duk bayan shekara biyu, amma a tasha ba kasafai ake tuna shi ba sai ranar da feda ta nutse ta ƙi dawowa.

Akwai kuma kishiyar cutar rashin saki, wato kulocin da ba ya kamawa. Direba ya taka totur, inji ya yi ta ihu, mota ba ta ƙara gudu ba, sai wani ƙauri ya cika ciki. An fi ganinsa a manyan lambobi da kan hawa, shi ya sa masu zuwa Jos suka fi kowa saninsa. Gwajinsa ba wuya: a ja birkin hannu, a sa lamba uku ko huɗu, a saki kuloci a hankali. In inji ya mutu nan take, faifai yana da sauran rai. In ya ci gaba da aiki, faifai ya cinye ko mai ya jiƙa shi. A Golf ɗin da ke da ƙaramar giya akwai wata siririyar sanda da ke ratsa tsakiyar sandar giya ta tura kuloci, kuma in ƙaramar robar da ke tare mai a wurin ta gaji, man giya ya bi ta ya sauka kan faifai. Wanda bai san wannan ba zai sa sabon faifai, bayan 'yan makonni motar ta dawo da ciwonta.

Ban ga laifin direba shi kaɗai a nan ba. Gaskiya ne wasu suna ɗora ƙafa a kan kuloci tun daga Kano har Zariya, boris yana ta juyawa ba hutu. Gaskiya ne wasu suna tsayar da mota a kan tudu da rabin kuloci maimakon birki, wasu kuma suna tashi da lamba biyu. Amma motar da aka ƙera don mutum biyar ita ce ake cika wa fasinja gaba da baya, a ɗaure but da igiya saboda buhuna. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, darajar naira kuma ta faɗi, kuɗin mai da na kayan gyara suka tashi tare. Direban da zai kai wa mai mota balas kowace yamma, ya biya kuɗin ƙungiya, ya kai cefane gida, ba ya tsayawa don kuloci ya fara yin ƙauri. Yana lallaɓawa ne har ranar da motar za ta ƙi tafiya. Kafin ranar ta zo, ƙusoshin faifan sun fito sun karce filawil, aikin faifai ɗaya ya koma aikin abu uku.

Sai a ranar da ƙarar take a lamba guda tak, sauran suna shiga lafiya, Oga yake yarda cewa matsalar tana cikin giya. Yawanci lamba biyu ce, don ita ta fi shan wahala a cunkoso. Kowace lambar gaba tana da zobe, galibi na tagulla, wanda aikinsa shi ne ya fara goga jikin giyar ya daidaita gudunta da na sanda kafin haƙora su shiga juna. Kamfanin Cadillac na Amurka ne ya fara fito da wannan dabara a 1928. Kafin nan direban irin wannan giya sai ya taka kuloci sau biyu: ya fita zuwa firi, ya saki, ya daidaita gudun inji da totur, ya sake takawa ya shiga. Tsofaffin direbobin manyan motoci har yanzu sun iya, kuma Oga yana amfani da shi a matsayin gwaji. In taka biyu ya kashe ƙarar, zobe ne ya cinye. Sai a kwance notin ƙasa a tari man giya a kwano a kai shi hasken rana. In yana ƙyalli da ƙurar tagulla, magana ta ƙare.

Shi ma man yana da nasa labarin. A sanyin hunturu yakan yi kauri da asuba, lamba biyu ta yi tauri, mota ta yi ɗumi abin ya wuce. Wannan ba cuta ba ce. Abin da ke cutarwa shi ne man da bai dace ba. Giyoyi da yawa masu zoben tagulla an yi su ne don mai mai lambar GL-4, amma abin da ya fi yawa a kanti GL-5 ne, wanda aka yi don haƙoran da ke juya tayoyin baya, kuma sinadarin da ke cikinsa ba ya yi wa zoben daɗi. Mai sayarwa zai ce duk man giya ne. Ba ɗaya ba ne, kuma rubutun yana nan a jikin galan ga mai son dubawa.

In an yanke shawarar sauke giya, garejin yakan canza kama. Babban yaro ya hau babur zuwa Ƙofar Ruwa da tsohon faifan a leda, domin a gwada faɗi a kuma ƙirga haƙoran tsakiya, kada a sayo wanda ba zai hau sanda ba. A can zaɓi uku ne: sabo a kwali, wanda jabu ya yi masa yawa, na Beljiyam, wanda aka ciro daga motocin Turai, ko a kai tsohon wajen masu buga masa sabuwar fata da ƙusa. Oga yakan nace a canza faifai da murfi da boris tare, saboda wahalar sauke giya ɗaya ce, ko abu ɗaya za a canza ko uku. Ba kullum aljihun direba ke yarda ba. Wajen mayarwa kuwa akwai wuri biyu da ake gane yaron da ya ƙware. Faifai yana da fuskar da ke kallon inji da wadda ke kallon giya, in aka juya shi kuloci ba zai saki ba. Sannan dole ya zauna daidai tsakiya kafin a ɗaure murfi, don haka ake ajiye guntuwar tsohuwar sandar giya a akwati, ita ake zurawa a daidaita. Yaron da ya tsallake wannan zai yini yana kokawa da giya a ƙirjinsa ba ta shiga ba.

Yaran nan su ne abin da ya fi tsaya mini a rai. Wasu suna zuwa bayan an tashi daga makaranta, wasu garejin ne makarantarsu, iyayensu suka kawo su da goro da amana. Suna farawa da wanke noti da miƙa sifana, su yi shekaru kafin a yaye su. Ilimin da suke samu na gaske ne, har yaro ya iya bambance kukan boris ɗin kuloci, wanda ke tashi in an taka, da kukan boris ɗin cikin giya, wanda ke ɗaukewa in an taka. Amma suna shiga ƙarƙashin motar da wani lokaci jak da 'yan duwatsu kawai ke riƙe da ita. Suna wanke ƙarfe da fetur da hannu tsirara. Kuma in an buɗe gidan kuloci, baƙar ƙurar da ta taru a ciki da baki suke hure ta. Tsofaffin faifai da wasu masu araha suna ɗauke da asbestos, abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar yana jawo kansar huhu, Tarayyar Turai kuma ta haramta shi gaba ɗaya tun 2005. Ciwon ba ya bayyana sai bayan shekaru masu yawa, lokacin da babu mai danganta shi da gareji. Jiƙaƙƙen tsumma ya isa a goge ƙurar, ƙafar ƙarfe ta tokare mota kuwa mai waldan da ke kusa zai iya haɗa ta a yini guda. Ƙungiyar makanikai da ke karɓar kuɗin wata-wata tana da ikon mayar da waɗannan biyu doka a kowace rumfa.

Bayan la'asar ake gwada motar da aka gama. Oga da kansa yake tuƙawa, direba a gefensa, su fita titi su bi lambobin har ta biyar, su nemi ɗan tudu, su dawo su shiga da ribas. Sannan ya duba wasan feda da yatsa, ya tabbatar akwai ɗan sarari kafin ta fara turawa. Yakan gargaɗi direba ya tausaya wa sabon faifai a kwanakin farko, ya rage lodi, ya sauke ƙafa daga kan feda, ya daina jingina hannu a kan sandar canza giya. Direba ya ce to, Baba, in sha Allahu. Kuɗin kaya an riga an biya tun da safe. Na aiki kuwa sau da yawa rabi ake bayarwa, sauran sai mota ta je Katsina ta dawo.