Kafin a Kai ga Likitan Dashe

A Gashua da Nguru da ƙauyukan da ke bin kogin Yobe, ba sai an yi wa mutum bayanin wankin ƙoda ba. Da wuya ka zauna a majalisa ka rasa wanda ya taɓa kai ɗan'uwansa Damaturu ko Maiduguri ko Kano a ɗora shi a kan inji. Likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Maiduguri sun daɗe da lura cewa masu ciwon ƙoda daga yankin Bade da kewaye sun yi yawa fiye da ƙima, kuma da damansu ba su da ciwon suga ko hawan jinin da aka saba ɗora wa laifi. Har yau ana kan binciken musabbabin. Gwamnatin Yobe ta mai da wankin kyauta a asibitin koyarwa na Damaturu, an kuwa samu sa'ida. To amma wanki ba warkewa ba ne. Sau biyu ko uku a mako, wajen awa huɗu kowane zama, ga kuɗin mota, ga gona an bari. Shi ya sa duk hirar masu jinya, komai nisan da ta yi, sai ta gangaro kan dashe.

Da an ambaci dashe, hankalin kowa sai ya tafi kan babban likita mai wuƙa. Shi ake ɗauka hoto, shi gwamna ke yi wa jinjina, kuma ya cancanta. Sai dai aikinsa na 'yan awoyi ne a ƙarshen wata hanya ta makonni, wani lokaci watanni, wadda wasu mutane daban suka share. A gani na, waɗannan mutanen su muka fi rasawa. Kuma aikinsu sana'a ce da yaron Yusufari ko yarinyar Nguru za su iya koya ba tare da sun zama likitoci ba.

Dashen ƙoda na farko da ya yi nasara a duniya an yi shi a Boston ta Amurka a 1954, tsakanin wasu tagwaye masu kama ɗaya. Ba banza aka fara da tagwaye ba. Jikin ɗan'adam ba ya son baƙo, duk abin da ya shigo masa wanda bai san shi ba sai ya far masa da yaƙi. A Najeriya asibitin St. Nicholas na Legas ne ya fara a shekarar 2000, asibitin koyarwa na Aminu Kano ya biyo baya a 2002, na Maiduguri kuma a 2010. Kusan duk ƙodar da ake dasawa a ƙasar nan daga rayayye take fitowa, wa ko ƙane ko ɗa ko miji ko mata. Kafin a yarda da shi, sai ma'aikacin ɗakin gwaji ya duba rukunin jininsa, ya gwada alamomin da ke jikin ƙwayoyin halittarsa da na majinyacin, sannan ya haɗa jinin biyu ya ga ko na majinyacin zai kai wa na mai bayarwa farmaki. An daɗe ana aika irin wannan gwaji ƙasashen waje daga asibitocinmu, a biya da kuɗin waje, a zauna jiran sakamako.

Mu a arewacin Yobe akwai wani ƙulli kuma. Ƙanen da zai ba yayansa ƙoda, gida ɗaya suka tashi, rijiya ɗaya suka sha, fadama ɗaya suka noma. Tun da ba a gama gano abin da ke cinye ƙodar mutanen yankin ba, wa ya ce shi ma tasa ba ta fara taɓuwa ba? Don haka awon fitsari da na jini da hoton ƙoda da ake yi wa mai bayarwa, a nan ba cika ƙa'ida ba ne kawai. Bayan an sallame shi da ƙoda ɗaya ya koma ƙauye, ana bukatar wanda zai riƙa bibiyarsa duk shekara, ya auna hawan jininsa, ya duba fitsarinsa, ya rubuta. Majinyaci kowa na tunawa da shi. Wanda ya bayar, da ɗinki ya warke sai a manta da shi.

Akwai kuma mai zama da shi a keɓe. A manyan cibiyoyin dashe nas ce ko jami'in walwalar marasa lafiya, aikinsa ya tabbatar da cewa kyautar daga zuciya ta fito. Wanda ya san gidajenmu ya san nauyin wannan aiki. Ƙane ba ya iya kallon idon yayansa ya ce a'a. Matar aure ba ta iya musa wa dangin miji. Yaron gida da maigidansa ya yi wa aure ya ba shi jari, ina ya ga bakin magana? Sai an rufe ƙofa, an fitar da dangi waje, an ce masa, “Ƙanena, ba wanda zai ji abin da ka faɗa mini. Kai ka ga dama, ko dai nauyi kake ji?” Idan ya sunkuyar da kai ya yi shiru, ƙwararren ma'aikaci ya gane. A cibiyoyi da yawa abin da ake faɗa wa dangi bai wuce cewa bai dace da bayarwa ba, ba tare da an tona dalili ba, don kada zumunci ya lalace.

Irin wannan tambayar ce ta warware shirin Sanata Ike Ekweremadu. A 2022 aka kai wani matashi ɗan talla daga Legas zuwa Landan da sunan ɗan'uwan 'yar sanatan ne, zai ba ta ƙoda. Likitan asibitin Royal Free da ya zanta da shi ya ga yaron bai fahimci abin da ke gabansa ba, aka ƙi yin aikin. A watan Mayun 2023 kotun Ingila ta yanke wa sanatan shekara 9 da wata 8 a gidan yari. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta haramta saye da sayar da sassan jikin mutum a Najeriya, kuma a watan Maris na 2025 gwamnatin tarayya ta fitar da ƙa'idojin dashe. Doka dai tana cikin takarda. Wanda ke zaune a gaban matashin da talauci ya koro, shi ne zai sa ta yi aiki ko ta kwanta.

Jini shi ne kyautar da muka fi sabawa da ita, ko da yake sai wuri ya ƙure muke yin ta. Mai naƙuda ta zubar da jini tsakar dare, a ce a nemo leda biyu, a shiga buga waya ana tashin samari daga barci. Leda ɗaya kimanin mililita 450 ce. Sai an gwada ta don ƙanjamau da ciwon hanta kala biyu da tunjere, sannan ta zauna a firji mai sanyin digiri 2 zuwa 6, inda za ta iya kai kwana 35. Tun 2021 akwai dokar da ta kafa hukumar kula da jini ta ƙasa. Mai ɗibar jini, da mai gwaji, da mai yawo makarantu da masallatai yana tara masu bayarwa don Allah tun kafin a bukata, duk ma'aikata ne.

Inda magana take tsauri shi ne kyautar mamaci. Duk wanda ya zaga ƙauyukan Yusufari har zuwa tuddan yashin Tulo-Tulo ya ga masu hakiya, farin tabon nan da ke rufe baƙin ido. Wani ƙyanda ce ta bar masa tun yana yaro. Wani gashin ido ne ya lanƙwashe yana gogar ƙwayar shekara da shekaru. Wani kuwa kara ne ko ƙaiƙayi ya soke shi lokacin girbin gero, aka ɗiga masa maganin gida, gyambo ya ci wurin. Hakiya daban take da yanar ido. Ita yana a ciki take, ana cire ta a sa ta roba. Hakiya kuwa a kan tantanin gaba take, wanda likitoci ke kira koniya, kuma ga wasu daga cikin masu ita magani shi ne a sauya musu tantanin da na wani mutum da ya rasu. Tun 1905 aka fara wannan dashe a Turai. Tantanin ba shi da jijiyoyin jini, saboda haka ba a ma bukatar rukunin jini ya zo ɗaya, kuma mamaci ɗaya yana iya buɗe idon mutum biyu.

Yadda ake ɗaukarsa ya kamata a sani, don yawancin tsoron daga rashin sani yake. A tsarin da aka fi bi yanzu ba a ƙwaƙule ido. Ma'aikacin yana duba takardar izini da tarihin ciwon mamacin, ya ɗebi jini kaɗan don gwaji, ya wanke idon da maganin kashe ƙwayoyin cuta, ya yanko tantanin tare da siririn zoben fari a gefensa, faɗinsa bai wuce farcen babban yatsa ba. Sai ya tsoma shi a 'yar kwalba mai ruwan adana, ya sa wani ɗan murfin roba a gurbin, ya rufe fatar ido. Wajen rabin awa an gama, mai wankan gawa ba zai ga wani canji a fuska ba. Sharaɗin shi ne a yi cikin 'yan awoyi bayan cikawa, wanda ke nufin ba ya hana a yi jana'iza a ranar yadda muka saba, muddin ma'aikacin yana kusa. Kwalbar kuma tana iya kai mako biyu a sanyin digiri 2 zuwa 8, wato sanyin da ma'aikatan rigakafinmu suka saba riƙewa a akwatunansu har ƙauyukan bakin iyakar Nijar. A rumbun ajiyar ido akwai wani ma'aikacin da zai duba tantanin da madubin ƙara girma, ya ƙirga ƙwayoyin da ke bayansa, ya yanke ko ya isa a dasa.

A ƙasashe da yawa ba likita ne ke wannan ɗauka ba, ma'aikaci ne da aka horar. Nepal ta buɗe rumbunta a 1994, ma'aikatansa suka je har inda mabiya addinin Hindu ke ƙona gawa a Kathmandu suna neman izinin dangi. Habasha ta buɗe nata a Addis Ababa a 2003. Najeriya ta riga su a takarda, tana da dokar dashen koniya tun 1973, akwai kuma rumbu a Legas, amma masu bayarwa sun yi ƙaranci har akasarin abin da ake dasawa daga waje ake shigo da shi.

Ta fuskar addini, Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zauna a Jidda a 1988 ta halatta ɗaukar sashen jikin mamaci a dasa wa rayayyen da rayuwarsa ko wani muhimmin aikin jikinsa ya dogara a kai, bisa izinin mamacin tun yana raye ko na magadansa, ta kuma haramta ciniki. Akwai malaman da ba su yarda ba, suna kafa hujja da alfarmar gawa, kuma ba a raina hujjarsu. Abin da ya fi fatawa nauyi a zukatan mutanenmu shi ne labarin matsafa. A ƙasar da aka sha jin an tsinci gawa ba idanu, baƙo ya shigo zauren makoki da 'yar jaka ya ce yana son wani abu daga idon mamaci, ai sai dai Allah ya kiyaye. Wannan magana sai ɗan gari, wanda aka san ubansa, wanda zai yi gaisuwa da Manganci ko Badanci ko Fulatanci, ya zauna a tabarma ya ce, “Baba, Allah ya jiƙan rai, Allah ya ba da haƙuri,” ya jira, ya tafi da limamin unguwa, kuma idan aka ce masa a'a ya yi godiya ya tashi. Ba a ɗauko irin wannan ma'aikaci daga Legas. Mata ma da nasu gurbin, don gawar mace da zaman ta'aziyyar cikin gida ba hurumin namiji ba ne. Ko mabiyiya da muke binnewa bayan haihuwa, tantaninta ana amfani da shi wajen jinyar gyambon ido da ƙuna idan uwa ta yarda, kuma ungozoma ce ta fi dacewa ta tambaye ta.

Kada a yaudari matasa, yau ba a manna sanarwar neman ma'aikacin rumbun ido a Gashua ba. Abin da ke ƙasa shi ne ɗakin gwaji da ajiyar jini, jinyar masu wankin ƙoda, da tattara samfuri don bincike. Cibiyar BioRTC da aka kafa a Jami'ar Jihar Yobe a 2021, ƙarƙashin Mahmoud Bukar Maina, ɗan jihar da ke bincike a Jami'ar Sussex ta Ingila, ta bi garuruwa tana ɗibar jini da fitsari don gano tushen ciwon ƙoda. Kowace kwalba sai da aka nemi izinin mai ita, aka lika mata lamba, aka riƙe ta a sanyi har Damaturu. Hannun da ya iya wannan ya yi rabin koyon aikin rumbun ido.

Ƙofar shiga ba ɓoyayya ba ce: kiredit biyar a Turanci da lissafi da bayoloji da kemistiri da fiziks. Akwai kwalejin kimiyyar lafiya a Nguru, akwai kwalejin nas da ungozoma ta Shehu Sule a Damaturu. Digirin kimiyyar ɗakin gwaji shekara 5 ne a jami'o'i irin na Maiduguri da Bayero da Usmanu Ɗanfodiyo, nas kuma na iya ƙaro karatun jinyar ido a Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna. Wanda kuwa ganin jini ke sa shi jiri, ya dubi gyaran na'urorin asibiti. Injin wanki guda yana shan fiye da lita 100 na tataccen ruwa a zama ɗaya, kuma ranar da na'urar tace ruwan ta tsaya, ko firjin jini ya ɗauke a zafin watan Afrilu, ɗakin gaba ɗaya zama yake har sai mai gyara ya iso daga Kano.